Kamu na Biyu

Ni malamin gona ne, kuma kowa ya san manomi da tsuntsu ba sa ga-maciji. Duk ranar da aka neme ni a kan maganar tsuntsu, to jan-baki ne ya sauka a gero ko shinkafa, jama'a na so a kai kukansu sama. Shi ya sa da aka ce in raka wasu masu bincike gaban mai unguwa a wani ƙauye na ƙasar Alkaleri, can bayan ka bar titin Gombe a Dindima ka kama hanyar Yankari, mutanen gari suka taru suna murna, a zatonsu maganin jan-baki aka kawo. Na yi wa mai unguwa bayani cewa izinin kafa raga a fadama suke nema, za su kama ƙananan tsuntsaye su auna su, su sa musu zobe a ƙafa, su sake su. Ya yi shiru na ɗan lokaci, can ya ce, "Malam, a kama kuma a saki? To wahalar ta mece ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, so suke su san inda suke zuwa da inda suke fitowa."

Ya ba da izini, da sharaɗin kada a tare wa shanu hanyar ruwa. Tambayar tasa kuwa ita ce kowa ke yi mini har yau, daga abokan aiki har mutanen gidana, kuma ban ga laifin mai yin ta ba.

Abin da suke kira tasha ba wani gini ba ne. Tebur ne na ninkewa a gindin tsamiya, da tabarma, da akwatin kayan aiki, da igiya da aka ɗaura tsakanin rassa biyu. Abin da ya mai da wurin tasha shi ne dawowa: duk shekara wuri ɗaya, raga a layin da aka kafa ta bara, a buɗe a rufe a lokaci guda. In aka canza wuri ko aka ƙara raga, ba za a san ko tsuntsayen ne suka ƙaru ko tarkon ba. Wadda ke jagorantar aikin matashiya ce, ba ta kai ni shekaru ba, amma kowa Malama yake ce mata, har dattawan gari. A Jos ta koyo, a cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Laminga, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000. Da yawa daga 'yan ƙasar nan da suka iya wannan aiki ta can suka biyo. Ni dai da farko tafinta ne tsakaninsu da gari, daga baya aka miƙo mini littafin rajista da biro, na zama marubuci.

Ana idar da sallar Asuba ake fita, da tocila, cikin sanyin hunturu mai sa yatsu su ƙage. Ragar ta zaren nailan ce baƙi, siriri ƙwarai, tsawonta mita 12 ko 18, an ɗaure ta tsakanin gora biyu. Igiyoyi ne ke ratsa ta a kwance, ragar ta ɗan saki a ƙarƙashin kowace igiya ta yi aljihu. Idan akwai duhun ganye a bayanta kuma babu iska, ko mutum sai ya yi karo da ita. Tsuntsu ya taho a guje, ya bugi ragar, ya zame cikin aljihun ya kwanta. Ba a barinsa ya daɗe. Duk minti 20 zuwa 30 sai an zagaya layin gaba ɗaya, hantsi na dubawa kuma a nannaɗe ragar a ɗaure, don zafi ya fi komai saurin kashe tsuntsun da ke rataye.

Cire tsuntsu daga raga shi ne ainihin gwanintar, kuma a nan na fi son tsayawa kallo. Malama ba ta taɓa tsuntsu sai ta tambayi ɗalibin da ke gefenta, "Ta ina ya shiga?" Domin ta inda ya shiga ta nan zai fita, in ka ja shi ta ɗaya ɓangaren, ƙara ɗaure shi kake yi. Sai ta buɗe aljihun ta nemi cikinsa, wurin da zare bai rufe ba. Ta kama ƙafafun daga sama, kusa da jiki, ta zare zaren da ya dunƙule a yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan fiffike guda: ta ɗaga zaren ta tsallakar da shi ta kan gwiwar fiffiken a hankali. Sannan kai, yadda uwa ke cire wa yaro riga mai ƙaramin wuya, sannan ɗaya fiffiken. Ba ja, ba gaggawa, kuma ba ta magana a lokacin. Wani ya fita cikin ƙiftawar ido. Wani kuma, musamman wanda ya yi ta juyi, sai an bi zare ɗaya-ɗaya, in ya ƙi ta ɗauko ɗan almakashi ta yanke ragar. Na ji ta tana gaya wa wani ɗalibi da ya tsaya jinjina tsadar raga, "Raga ana ɗinke ta. Yanke."

Daga nan sai jakar yadi ta auduga, tsuntsu ɗaya jaka ɗaya, a tsuke baki a rataye a igiyar nan ta inuwa. Duhun jakar na kwantar masa da hankali.

A tebur riƙon daban ne. Wuyan tsuntsu na shiga tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, bayansa na kwance a tafin hannu, sauran yatsu sun kewaye shi ba tare da matsi ba. Ranar da aka fara sa mini ɗaya a hannu, ɗumin ne ya ba ni mamaki. Zafin jikin ƙaramin tsuntsu ya haura digiri 40, kuma zuciyarsa na bugawa da saurin da yatsa ba zai iya ƙirgawa ba. Zoben na alminiyom ne ko wani ƙarfe mara nauyi, an jera su a zare bisa lamba, kowane girman ƙafa da nasa. Da wata filaya mai ramuka ake rufe shi, a matsa sau ɗaya, a juya a sake matsawa har bakin biyu su haɗu ba rata, don kada ciyawa ko zare ya maƙale. Dole ya riƙa juyawa a ƙafar, ya hau ya sauka, amma kada ya wuce gaɓa. Mai aunawa na faɗi ina rubutawa, kuma lambar zobe sai na maimaita masa ita da ƙarfi kafin a wuce. Nau'i, namiji ko mace, ɗan bana ko babba, tsawon fiffike da milimita a kan rula mai tokari, ko yana sauya gashi. A ƙarshe a zura shi da kai cikin ɗan kofi a kan sikeli, a ɗauki nauyi. Gwani ba ya wuce minti biyu zuwa uku. Sai ya buɗe hannu kawai, ba a jefa tsuntsu sama.

Yawancin abin da raga ke kamawa 'yan gida ne. Marai ga cizo, sai ya kama fatar tsakanin yatsu ya murɗa. Kurciya ba a son ta a raga, don tana zubar da gashi kuma tana yaga zare. Kanari, tsada, da 'yan masu dogon baki da ke shan ruwan fure, waɗanda ake yi musu aiki da wuri a sake su saboda ba sa jure yunwa. Yaran gari kan kewaye tebur, kuma wallahi sun fi wasu ɗaliban jami'ar sanin wane ne wane, wasu ma daga kuka suke ganewa tun tsuntsun yana cikin jaka.

Sai kuma baƙi. Su ne ba wanda zai kalla sau biyu: ruwan toka, ruwan ƙasa, ɗan kore-kore, ba ado, kuma a nan ba su cika rera kukan da aka san su da shi a ƙasashensu ba. Ana ganinsu daga ƙarshen damina, su ɓace wajen Maris da Afrilu. Akwai ɗaya da sikeli ke nuna gram 8 ko 9. Wannan abin a Turai aka ƙyanƙyashe shi, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, da daddare yake tafiya, ba wanda ya nuna masa hanya.

Yadda ake duba guzurinsa ne ya fi tsaya mini a rai. Mai aunawa zai kwantar da shi rigingine ya hura masa iska a ƙirji, gashin ya buɗe. Fatar siririya ce har ana ganin abin da ke ƙarƙashi: tsoka ja, kitse kuma rawaya, yana taruwa a ramin ƙasan wuya da kan ciki. Ana ba shi maki daga 0 zuwa 8. A tsakiyar hunturu kusan kullum 0 ko 1 nake rubutawa. Amma da bazara ta ƙarato sai lambobin su fara hawa, 4, 5, 6, har ka ga tsuntsu ya cika hannu, ramin wuyan ya cike ya kumburo. Akwai nau'in da nauyinsa na yau da kullum bai wuce gram 18 ba, amma kafin tashi yana iya haura 30. Wannan kitsen shi zai ƙona a saman hamada inda babu ci babu sha. Wanda bai tara isasshe ba, ba ya isa.

Kakanninmu sun san shamuwa na zuwa da damina ta tafi da kaka, kuma Turawa ma sun daɗe suna ganin nasu na ɓacewa, har wasu masanansu na da suka ce tsattsewa a cikin laka take kwana har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata 'yar'uwar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba da adireshi. A watan Mayu na 1911 aka sa wa wata tsattsewa zobe a Ingila, a Disamba na 1912 aka same ta a Natal ta Afirka ta Kudu. An san haka ne kawai don wanda zoben ya faɗo hannunsa ya zauna ya rubuta wasiƙa.

Amsar tambayar mai unguwa tana nan. Kamun farko ba ya faɗin abu mai yawa, suna ne aka raɗa wa tsuntsu. Ilimin yana cikin kamu na biyu.

Wata safiya ɗalibi ya dawo daga zagaye yana ɗaga jaka sama, yana cewa, "Malama, mai zobe!" Kowa ya bar abin da yake yi. Ɗaya daga baƙin nan ne, mai farin maƙogwaro, zoben ya dushe. Ta karanta lambar ina bin tsohon littafi da yatsa, sai ga ta a shafin bara, da rubutun hannuna. Na duba gurbin da ake rubuta layin raga: layi ɗaya ne, wanda ke gefen babban gawo na bakin gonar wani dattijo. Tsakanin rubutuna na farko da na biyu, wannan tsuntsu ya ƙetare Sahara, ya je wata ƙasa ya yi sheƙa, ya sake ƙetarowa, ya wuce dubban fadamu, ya dawo gindin itacen nan. Ba abin mamaki ba ne a wurin masu aikin. A tsaunukan Jos an bi wani nau'in baƙo da zobba masu launi, aka ga waɗanda suka rayu suna komawa ɗan filin da suka riƙe bara, kuma ƙananan na'urorin da aka goya musu sun nuna gabashin Turai suke zuwa haihuwa. Amma ji daban, gani a littafinka daban.

A nan ne aikin ya shigo gonata. Masu bincike daga Holan sun bi bishiyoyin yankin Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kansu, suka tarar baƙin nan ba kowace bishiya suke hawa ba. Masu ƙaya suke so, irin su gawo da aduwa da farar ƙaya, saboda su ke tara tsutsa da ƙananan ƙwari. Dogon yaro da turare, waɗanda mu malaman gona muka fi rabawa a gangamin dashen itace, kusan babu kowa a kansu. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da fure da rani, daidai lokacin da baƙin ke nan. Shekara da shekaru ina gaya wa manoma su bar gawo a gona don dawar da ke gindinsa ta fi kyau, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Yanzu in na bi titin Bauchi zuwa Alkaleri na ga buhunan gawayi jere a bakin hanya, ko na ga gawon da aka sassare wa rassa har ya zama gungume, lissafin kitsen nan ne ke zuwa mini. Ba na zargin mai gawayi, na san abin da ya kai shi daji. Amma itacen da ya yi shekara hamsin yana tsaye ba a maye gurbinsa da dashen dogon yaro.

Kuma abin da ya same mu yana samunsu. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka ga kusan kashi uku cikin huɗu na mai farin maƙogwaron nan bai dawo ba. Da aka bi diddigi, ruwan da ya gaza a Sahel a daminar 1968 ne sila, mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973 da iyayenmu ke ba mu labari. Tun kafin duniya ta ji kukan mutanenmu, tsuntsaye sun riga sun nuna alamar.

Akwai tambayar da wani limami abokina ya yi mini, kuma ban ɗauke ta da wasa ba: shin wannan ba azabtar da halittar Allah ba ne? Tsuntsun da ke cikin raga a tsorace yake, babu mai musun haka. Haɗari ma akwai. Shaho kan gane layin raga ya riƙa shawagi, sai a rufe layin. Tururuwa na iya hawa gora, shi ya sa ba a barin aljihun ƙasa ya taɓa ciyawa. Wani nazari da ya tattara bayanan tashoshi a Amurka da Kanada ya nuna tsuntsu 2 zuwa 3 cikin 1,000 ke mutuwa a irin wannan kamu. Kaɗan ne, amma ba sifili ba ne, kuma ina ganin wajibi ne mai aikin ya riƙa jin nauyin kowane ɗaya. Suratul An'am ta gaya mana tsuntsaye al'ummu ne irinmu, kuma mun san hadisin tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya, Manzon Allah (SAW) ya umarta a mayar mata. Na tuna da shi ranar da aka hura cikin wata marai aka ga fatar a tsige, ta yi ja ta kumbura, alamar tana kwanci. Malama ta tsallake duk jakunkunan da ke layi ta yi mata aiki nan take, ta sa aka kai ta daidai inda aka kama ta aka sake ta, don kada ƙwai ya yi sanyi. Abin da na gaya wa liman shi ne: in za a rubuta abin da aka auna, a adana, a yi amfani da shi, kuma mai riƙon ya ƙware, zuciyata ta natsu. In babu waɗannan, to wasa da rai ne. Don haka kada wani ya karanta wannan ya je neman raga. Ana shafe shekaru a ƙarƙashin gwani kafin a bar mutum shi kaɗai, kuma raga a hannun wanda bai iya ba yanka ce.

Saura hanya ta biyu da ake samun kamu na biyu, kuma ita ce ta shafe mu duka. A Birtaniya da Ayalan kaɗai ana sa wa tsuntsaye kusan miliyan ɗaya zobe a shekara, ga sauran ƙasashen Turai. Cikin ƙanana, wanda ake sake jin labarinsa bai cika kai ɗaya cikin ɗari ba, daga Afirka kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Ba don tsuntsayen ba sa zuwa ba ne. Zobban na faɗowa hannun yaro mai danƙo, da masunci, da maharbi, su ƙare a aljihu. Wani tsohon maharbi da ya saba zama kusa da teburinmu ya dawo wata rana da ƙullin tsumma, ya kwance, sai ga zobe babba, na wani tsuntsun ruwa da ya harba a bakin Gongola. Ya ce tsoro ya hana shi nuna wa kowa, don an ce masa na 'yan leƙen asiri ne. Na ce, "Baba, wace shekara ce?" Ya ce shi dai ya san kafin auren babbar 'yarsa ne. Lambar na nan ana karantawa, Malama ta kwafa ta aika, amma rashin ranar ya rage wa labarin rabin amfaninsa.

A wannan zamani na rashin tsaro ban ga laifin mai tsoro ba, don haka bari in faɗa a fili: zoben nan ƙarfe ne zalla, babu batir, babu kyamara, ba ya aika komai ko'ina, kuma ba a kama kowa don ya nuna shi. A jikinsa akwai lamba da sunan gari ko cibiya, irin su London, Stockholm, Radolfzell ko Helgoland, wasu kuma an buga musu www.ring.ac, shafin intanet da ake kai rahoto. Idan tsuntsun na da rai, kada a ɓamɓare zoben, ƙafar za ta karye. A juya shi a karanta, a ɗauki hoto da waya ta kowane gefe, a sake shi. Idan ya mutu, a cire zoben a miƙe shi a ajiye. A rubuta lambar da duk rubutun da ke jiki harafi-harafi, da ranar, da sunan ƙauyen da garin da ya fi kusa, da yadda aka same shi, ko da harbinsa aka yi, a faɗi gaskiya don ita ma bayani ce. Wanda ba shi da intanet ya kai wa malamin gona ko malamin kimiyya na makarantar garinsu, su tura wa cibiyar Jos ko su cike a shafin. Galibi ana maido wa mai rahoto amsa da ranar da aka sa zoben da sunan garin da aka sa shi.